Tambayi Mai Gyara: Sikanar Amurka za ta yi mana aiki a Nima?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Mai Gyara, da fatan kana lafiya, ya shago? Ni ne sakataren 'yan sintirin unguwarmu a Nima. Tun gobarar kasuwar Kantamanto hankalinmu bai kwanta ba, ka dai san yadda lungunanmu suke, gida a jikin gida. Yayana da ke zaune a Bronx ya ce can Amurka akwai wata na'ura da ake kira sikana, mutum yana ɗakinsa yana jin duk abin da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu ambulan ke faɗa wa juna ta oba-oba. Ya yi alkawarin aiko mana da guda, ya ce mu zaɓa tsakanin Uniden SDS100 da Uniden BC125AT. Burinmu in gobara ta tashi ko ruwa ya yi gyara, mu riga kowa ji. Wacce za mu ce ya saya?

Sakataren 'yan sintiri, Nima, Akra

AMSA

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Shago alhamdu lillahi. Allah ya saka wa yayanka da alheri, ya ƙara masa buɗi. Amma ka kira shi yau ɗin nan ka ce ya riƙe kuɗinsa tukuna, kada ya biya ko ɗaya cikin biyun.

Sikana wani irin rediyo ne wanda ji kawai yake yi, ba a magana da shi. Na kan teburin mai shayi, murɗa shi ake yi a ajiye a tasha ɗaya. Ita kuwa sikana mitoci masu yawa, wato lambobin tashoshi, ake zuba mata, ta dinga zagaya su da gudu, inda ta ji murya ta tsaya, aka yi shiru ta wuce gaba. Ƙaramar, BC125AT, tana ɗaukar tashoshi 500, batir biyu masu lamba AA take ci, kuɗinta dala ɗari da ɗoriya. Tsohon tsari kawai take ji, wato analog, inda murya ke hawa iska yadda ta fito daga baki. Babbar, SDS100, ta fito a 2018, kuɗinta ya haura dala 600, kuma tana iya dawo da muryar da aka mayar lambobi, wato dijital. Duk wanda aka ajiye wa biyun a gaba, babbar zai nuna. Sai dai don wata ƙasa aka ƙera ta, ba tamu ba.

Yayanka ya ga abin da sauƙi ne saboda a Amurka dokar tarayya ba ta hana mutum sauraron rediyon 'yan sanda muddin ba a kulle yake ba, ko da yake a jihar New York ɗin da yake zaune laifi ne ka ɗaura irin wannan na'ura a mota ba da izini ba. Sannan masu sha'awar abin sun tattara mitocin kowane gari a wani rumbu na intanet mai suna RadioReference. SDS100 da wannan rumbun a cikinta take zuwa. Ka danna mata lambar gidan wayar unguwarku, ita da kanta za ta zaƙulo maka tashoshin da ke kusa. To rumbun da ke cikinta na Amurka da Kanada ne kaɗai. In ka kunna ta a Nima ta tambaye ka lambar, me za ka ba ta? Sai dai ka zauna gaban kwamfuta kana shigar da mitoci ɗaya bayan ɗaya, kuma ba na jin akwai kwamandan da zai miƙa maka jerin mitocinsa don ka ji daɗin hira da dare.

Dijital ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Abin da ya sa SDS100 tsada shi ne ƙwarewarta a kan wani tsari mai suna P25, wanda hukumomin Amurka ta Arewa ke aiki da shi. Ƙasashen Turai TETRA suka fi riƙewa, ita kuwa ba ta gane TETRA ko kaɗan. Akwai DMR da NXDN, waɗanda kamfanoni da masu gadi ke amfani da su a ƙasashe da yawa. Waɗannan tana iya ji, amma sai ka sake biyan kamfanin wani kuɗi daban ya buɗe maka su.

Mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da ɗan sanda a shingen bincike ya ga wata waya mai kauri a hannunsa, ya kuma ji ana cewa Gota. Gota tsarin sadarwa ne na kamfanin ZTE na ƙasar Sin da gwamnati ta kafa wa jami'an tsaro da na agaji. A kan fasahar CDMA aka gina shi, irin wadda layin Kasapa, wanda daga baya ya koma Expresso, ya yi aiki da ita. Wato ɗan'uwan wayar salula ne, ba oba-oba irin na da ba, duk da cewa ana danna maɓalli a yi magana. Bayansa an ƙaro wani sabon tsari na kamfanin Huawei wanda ke tafiya tare da kyamarorin nan da kake gani a kan fitilun titi. Duk maganar da ta bi ta waɗannan hanyoyi, ko ta bi ta wayar salula ta yau da kullum, babu sikanar da ake sayarwa a shago da za ta kama maka ita. Ba ƙaramar ba, ba babbar ba.

Ko a inda ake amfani da rediyo zalla, manyan hukumomi sun daina ba kowace ƙungiya mita ɗaya tata ta har abada. Abin ya koma kamar tashar turotiro: ba ka da motar kanka, wadda ke kan layi ita za ka shiga, in ka dawo an jima wata ce daban. Kwamfuta ce ke raba mitocin, duk wanda ya danna zai yi magana ta ba shi wadda ba kowa a kai. Ƙaramar sikana ba ta iya bin wannan tsalle-tsalle, sai ka ji rabin magana ta ɓace. A saman wannan kuma akwai kulle. In hukuma ta kulle muryarta da mabuɗin sirri, magana ta ƙare, ko nawa ka sayi na'urarka. Ka tambayi yayanka ma: 'yan sandan birnin New York sun fara kulle nasu tun 2023, daga yankin Brooklyn suka soma.

Sai doka, wadda ita ya kamata ku fara dubawa tunda ku da ofishin 'yan sanda kuke aiki. Kada a ɗauko dokar Amurka a shimfiɗa a Gana. A Ingila ma, a dokarsu ta 2006 sauraron saƙon da ba don kai aka aiko ba laifi ne. Ƙa'idojin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wadda Gana ke ciki, sun ɗora wa ƙasashe alhakin hana tare saƙon rediyo wanda ba na jama'a ba ne, da hana yaɗa abin da aka ji. Tsarin mulkinmu na 1992, a sashe na 18, ya kare sirrin sadarwa. Mitocin ƙasar nan kuma duka a hannun Hukumar Sadarwa ta Ƙasa suke, NCA, wadda aka kafa a 1996, kuma ita ke tantance kayan sadarwar da ake shigowa da su. Hedikwatarta na Airport City, ba nisa daga Nima. Kafin kowa ya sa na'ura irin wannan a duro ya aiko, ku rubuta musu takarda da sunan kwamitinku, ku faɗi sunan na'urar da lambarta da abin da kuke nufin yi da ita, ku karɓi amsa a rubuce. In ba haka ba kwastan na iya riƙe ta a Tema ko a filin jirgi, kuma in sintiri ya haɗa ku da jami'in da bai san ku ba ya ga abin a hannunku, bakinku ba zai ishe ku bayani ba.

Yanzu bari in tambaye ka, Malam Sakatare. In gobara ta tashi a lungunku, wa ke fara sani? Ku ne. Maƙwabciyar da ta ji ƙauri, yaron da ya ga hayaƙi ta saman kwano. 'Yan kwana-kwana daga bakinku suke ji. A ce ma sikanar ta yi aiki yadda yayanka ke fata, abin da za ta jiyar da ku shi ne labarin da ku kuka kai, bayan ya zaga ya dawo. Ni a Mamobi, maƙwabciyar Nima, nake kwana, na kuma tsaya a bakin gobara ba sau ɗaya ba. Abin da nake gani yana cinye lokaci kullum iri ɗaya ne. Mutum hamsin a tsaye, kowa na zaton wani ya kira, rabinsu sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Wanda ya kira ɗin kuma sai ya ce "bayan masallaci", a unguwar da kowane lungu da masallacinsa. Motar ta iso bakin titi ta tarar an kafa rumfar biki, ko wani ya ajiye tasi a mashiga ya tafi da makulli.

Don haka ga inda zan so dalolin nan su tafi. Ku sayi silindar kashe gobara mai hoda, mai kilo 6 ko 9, ku rarraba a wuraren da ba a rufewa da dare: gidan mai unguwa, masallaci, wurin mai shayin da ke kwana a buɗe. Ku sani hodar ba ta kai rabin minti tana fita, saboda haka gindin wutar ake nufa, ba harshenta ba, kuma wanda bai taɓa riƙe ta ba ranar gobara ba zai iya ba. Ku je ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa da ku da takardar gayyata, ku roƙa su zo su koya wa samari da mata, musamman yadda ake yi da tukunyar gas da man suya in ya kama, wanda ba a zuba wa ruwa. A wannan ziyarar ku nemi lambar ofishin kai tsaye. Wannan zumuncin ya fi kowace na'ura. Ranar da abu ya faru, muryar da suka sani ce ke kira.

Lambobin kuma a rubuta su da fenti a bango, ba a takarda ba: 112 ita ce ta gaba ɗaya, 192 ta gobara, 193 ta ambulan, 191 ta 'yan sanda. A ƙarƙashinsu a rubuta adireshin dijital na wurin, wanda manhajar GhanaPostGPS ke bayarwa tun 2017, domin mai kira ya karanta kawai. Ku naɗa mutum biyu a kowane lungu waɗanda aikinsu kira ne, ko da sun ji an ce an riga an kira, da wasu biyu da za su ruga bakin babban titi su tare motar su shigo da ita. Mu 'yan wannan yanki ba sai an faɗa mana darajar ambulan ba. Hukumar ambulan ta ƙasa ma a 2004 aka kafa ta, bayan abin da ya faru a filin wasa na Akra ranar 9 ga Mayu 2001, inda mutum sama da 120 suka rasu, ciki har da samarinmu. A Janairun 2020 an raba motoci 307, kowace mazaɓa ta samu. Ku bincika inda ta Ayawaso ta Gabas ke tsayawa, ku san masu aikinta. Ku kuma ja kunnen yara masu kiran 112 don wasa, domin layin da suka riƙe wani ne ke jiransa.

Lasifikar masallaci ita ce sikanar unguwa ta gaskiya, in dai an haɗa mata batir, saboda gobarar dare sau da yawa tare take zuwa da ɗaukewar lantarki. Batun ruwa kuwa, wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, aka rasa rai sama da 150, ya san cewa ruwan da ke kashe mutum a Circle daga sama yake gangarowa, har da ta kwatocinmu, zuwa rafin Odaw. Gargaɗin hukumar kula da yanayi da na hukumar agajin gaggawa, NADMO, a gidajen rediyon FM ake karanta su, a fili, don kowa. Ƙaramin rediyo mai batir a hannun wanda ke sintiri, a kan Marhaba ko wata tashar labarai, ya wadatar.

In bayan duk wannan hukuma ta ba ku izini kuma yayanka ya nace sai ya aiko da wani abu, to ƙaramar. In ba ta yi amfani ba asarar kaɗan ce. Ka gaya masa kuma, kowace na'ura zai sa a duro ya duba cajarta. Lantarkinsu 120 ne, namu 230. Kayan Amurka nawa aka kawo mini Zongo Lane suna ƙauri tun daren da suka iso.

TAMBAYA

Malam, ina gaisuwa. Atamfa nake sayarwa a Kejetia. Tun gobarar da aka yi a kasuwar a 2023, ga kuma ta Adum a 2025, ba na barcin kirki. Jikana ya sa mini wata manhaja a waya ya ce zan riƙa jin 'yan kwana-kwana. Ina kunnawa kullum da dare, amma turancin hanci kawai nake ji, ban taɓa jin an ambaci Kumasi ba. Ko ban iya saitawa ba ne?

Hajiya mai atamfa, Aboabo, Kumasi

AMSA

Hajiya, ina amsawa, Allah ya tsare dukiya. Ba laifin saitinki ba ne. Wayar salula ba ta da kunnen da zai kama oba-oban kowa. Abin da waɗannan manhajoji ke yi shi ne, wani mutum a wani gari yana da sikana a gidansa, ya haɗa ta da intanet, ya tura muryar zuwa wani dandali, mafi shahara shi ne Broadcastify, manhajar kuma ta ɗebo daga can. Yawancin masu yin haka a Amurka suke. Ke nan kina Aboabo kina raba dare da gobarar wani gari da ba ki taɓa zuwa ba, kuɗin datarki na tafiya. Ki ce wa jikan ya goge ta, ya kuma duba ko ba ta sa ki cikin biyan kuɗin wata-wata ba, domin da yawansu haka suke yi.

Wanda zai tashe ki in wani abu ya faru mutum ne: mai gadin layinku. Ki karɓi lambarsa, shi ma ya riƙe taki da ta wani namiji a gidan, ki bar wayar da ƙara da dare. In 'yan layinku ba su da zauren WhatsApp, ki kai wa shugabarku maganar a buɗe, a kuma yi sharaɗi ba a tura komai ciki sai abin da ya shafi kasuwa, in ba haka ba wa'azi da tallan magani za su binne sanarwar. Kafin ki rufe shago ki kashe lantarki daga babban makunni, ba daga soket ba. Da asuba ki kama rediyon Zuria, in wani abu ya faru cikin gari za ki ji da Hausa. Sauran ki bar wa Allah ki yi barci, Hajiya.

TAMBAYA

Maigida, barka da aiki. Mu huɗu ne muke gadin wani layin shaguna. Mun haɗa kuɗi mun sayi oba-oba Baofeng UV-5R guda huɗu. Wani lokaci muna jin muryoyin wasu mutane a ciki. Wani abokina ya ce in na samo mitar 'yan sanda zan iya kiransu kai tsaye in ɓarayi sun zo. Gaskiya ne?

Shugaban masu gadi, Sabon Zango, Akra

AMSA

Barka kadai, ɗan'uwa. Abokin nan naka, kada ka sake karɓar shawararsa a kan rediyo. Ba a shiga mitar hukuma a yi magana, ko da niyyar alheri. In ka danna maɓalli a mitar da wani ke aiki, kana iya toshe muryar wanda ke neman agaji a daidai lokacin, kai ba ka ma sani ba. Dokar Sadarwa ta 2008, mai lamba 775, ta tanadi hukunci ga mai amfani da mita ba lasisi, kuma sashenta na 76 ya kai har ɗaurin shekara biyar ga wanda ya aika saƙon ƙarya da gangan wanda zai iya kawo cikas ga aikin ceton rai. Ɓarayi suka zo, 191 ko 112 a wayarka.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda kuke yi yanzu ba ku sani ba. UV-5R tana magana daga 136 zuwa 174 megahaz, da kuma daga 400 zuwa 520, da ƙarfin wat huɗu zuwa biyar. A cikin wannan faɗin akwai masu lasisi iri-iri, har da tashar neman ceto ta jiragen ruwa, tasha ta 16, a kan 156.8, ga mu kuwa a bakin teku, Tema na nan kusa. Tashoshin da kuka tarar a ciki ranar da kuka buɗe kwali na gwajin masana'anta ne, ba wanda ya ba ku su. Muryoyin da kuke ji, mai yiwuwa masu wurin ne, kuma yadda kuke jin su haka suke jin ku. Lambobin nan da mai shago ya ce muku na sirri ne, CTCSS, ba sa ɓoye komai. Ku ne kawai suke toshe wa kunne daga jin wasu, kowa na jin ku.

Hanya biyu ce. Ko ƙungiyar masu shagunan ta nemi lasisi a NCA a ba ku mitarku, mai gyara ya saita muku ita a na'urar da hukumar ta amince da ita, ya rufe sauran. Ko ku koma irin oba-oban da ke aiki da layin waya, ko manhajar Zello a wayoyinku, wadda ke yin danna-ka-yi-magana ta intanet. Wannan ba ruwansa da mitar kowa, nisa kuma ba ya hana shi, sai dai ranar da netwok ya faɗi shi ma ya faɗi. Ga masu gadi huɗu a layi ɗaya ni ta biyun zan zaɓa, a ƙara da usur a wuyan kowa. A matsayin sikana kuwa UV-5R ba ta da kirki: tashoshi kamar uku take dubawa a daƙiƙa, alhali sikanar gaske gommai take yi, kuma ba ta jin jiragen sama sam.

TAMBAYA

Baba, ni ɗalibin koyon lantarki ne. Ba 'yan sanda nake son ji ba, so nake in fahimci yadda rediyo ke aiki, amma kuɗina kaɗan ne. Da me zan fara?

Ɗalibi, Madina Zango, Akra

AMSA

Yauwa ɗana, irin wasiƙar da nake jira ke nan. Ka nemi abin da ake kira RTL-SDR. Ɗan ƙaramin abu ne kamar filashi, dala 30 zuwa 40. Asalinsa don kallon talabijin a kwamfuta aka yi shi, sai wajen 2012 wasu masu tone-tone suka gano cewa guntun da ke cikinsa, RTL2832U, ana iya sa shi ya miƙo ɗanyen sigina kwamfuta ta yi sauran aikin. Yana kamawa daga wajen 24 har sama da 1,700 megahaz. Ka soka shi a kwamfuta ka sauke manhajar SDR# ko SDR++, duk kyauta ne. Ta biyun tana hawa wayar Android ma in kana da igiyar OTG. Daɗinsa, ba ji kawai za ka yi ba, gani za ka yi. Faɗin megahaz biyu da ɗoriya zai bayyana a allo lokaci ɗaya, kowace sigina da siffarta. Cikin 'yan makonni idonka zai riƙa bambance FM da AM da dijital tun kafin ka ji sautin. Abin da malaminku ke zanawa a allo da alli, ga shi yana motsi.

Jabu sun yi yawa. Ka nemi mai gidan ƙarfe, mai bakin eriya na SMA mai zare, wanda aka rubuta TCXO a jikinsa, domin shi mitarsa ba ta zamewa in ya yi zafi, mu kuwa zafi ba ma rasa shi.

Ka fara da abin da aka watsa don kowa ya ji. Gidajen FM daga 87.5 zuwa 108. Masu rediyon sha'awa daga 144 zuwa 146, waɗanda hirarsu a buɗe take bisa ƙa'ida. In ka ji lambar kira ta fara da 9G, ɗan Gana ne. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana magana a 145.8 in ta zo wucewa, 'yan mintoci ne ta ɓace. Kada ka raina wannan wasa. Ɗaliban jami'ar All Nations ta Koforidua da suka ƙera GhanaSat-1, wanda aka saki a sararin samaniya a 2017, sun riga sun gina tashar sauraro irin ta masu sha'awa tun kafin nan. Jiragen sama suna tsakanin 118 da 137 a tsarin AM, kuma suna watsa inda suke a 1090. Wannan da duk wani abin da ba don jama'a aka watsa ba, ka bi shawarar da na ba Malam Sakatare, ka tambayi NCA tukuna. In ka yi tuntuɓe da hirar da ba taka ba, ka wuce, kada ka naɗa, kada ka tura wa kowa. Lasisin rediyon sha'awa ma a wurinsu ake nema, kuma ina so in ga yaran Zango sun shiga ciki.

Eriya ita ce rabin aikin, kuma ita ce ba sai ka saya ba. Ka raba 75 da mitar da kake so a megahaz, abin da ya fita shi ne tsawon sandar a ma'aunin mita. Na 145 zai ba ka santimita 52, ka rage kaɗan ya dawo wajen 49. Na 1090 bai kai santimita 7 ba. Wayar tagulla mai kauri irin ta wayarin gida ta isa: ɗaya a tsaye, huɗu masu tsawo ɗaya da ita a ƙasa sun karkata, ka like da dalma. Igiyar dish ta talabijin, RG-6, tana yi sarai wajen sauraro, ga ta a ko'ina. Waɗannan mitoci a miƙe suke tafiya, sai abin da eriya ta hango, don haka tsawo ya fi tsada amfani. Eriyar da ke tsayin mita 10 a sama tana hangen wajen kilomita 13 in ba tudu a gaba. Ta cikin ɗaki ƙarƙashin kwano kuwa ko maƙwabta da ƙyar.

Abu biyu za su ba ka haushi a Akra. Gidajen FM sun yi yawa kuma suna da ƙarfi, sai ka ga tashar waƙa ta fito a inda ba ta da hurumi. Ba lalacewa ba ce, na'urar ce ta ƙoshi. Ka rage mata ƙarfin karɓa a manhaja, in bai yi ba ka sayi 'yar matatar da ke tare 88 zuwa 108. Na biyu, cajar waya mai araha da ƙwan LED suna zuba hayaniya a iska. Ka bi su ɗaya-ɗaya kana cirewa kana kallon allo, za ka kama mai laifin. Ranar da aka yi dumso ka kunna da batirin kwamfuta ka ga bambanci, ita ce kaɗai ranar da na san ɗaukewar lantarki na yi wa mutum rana.

Da hadari ya haɗu ka cire igiyar daga na'urar ka fitar da bakinta waje, kada ka jira tsawa ta fara. In za ka kafa sandar kuma kada ka hau kwano kai kaɗai, ka auna tsawonta, ka bar ninki biyu na wannan tsakaninta da wayar lantarki mafi kusa.